Diskin Mushe Magagi Ya Cika

Shafi na 17

Ranar Lahadi ce, kasuwar Filinge ta cika ta batse, amma a ɗan gidan rediyon garin babu abin da ke motsi sai ɗigo-ɗigon da ke zagaye a fuskar ordinatar, wato kwamfuta.

Magagi, wanda kowa ke kira Mushe kamar kowane malamin boko a nan, na tsaye, hannuwa a baya, irin tsayuwar da ya saba yi wa 'yan lakkwal a aji kafin ya ajiye alli ya kafa rediyon nan. Ya sake karanta Faransancin da ke kan allon. Na'urar na cewa ta kasa ɗora sabon tsari, za ta koma tsohon. Sai ta mutu. Sai ta tashi. Sai ta maimaita abin da ta faɗa ɗazu. Ya san mutane masu irin wannan hali, wasunsu har muƙami sun riƙe.

"Madam injiniya," ya ce, "ya jikin majinyacin?"

Habsa ba ta ɗago ba. 'Yarsa ce ta fari, don haka bai taɓa kama sunanta ba. Da ta dawo daga karatun na'ura a Yamai sai ya samo mata wannan laƙabin, wanda ya fi sunan yanka zafi.

"Baba, in ka bar tsayuwa bisa kaina zai fi samun sauƙi."

"Shekara da shekaru abin ga na tambayata, in yi mizajur, in sabunta tsari? Ina ce mata sai an jima. Tana haƙuri. Ke kinka zo jiya kinka ce mata to."

"Tsohon tsarin an daina kula da shi. Ba a barin na'urar aiki haka."

"Ni ma an daina kula da ni. Ga ni tsaye."

A bakin ƙofa Kailu ya gyara zama a kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ɗan ƙanen Rugga Habibu ne, wato tsohon da ke shugabantar makiyayan wajen Sanam, kuma tun hantsi ya jingine motonsa, wato babur, a inuwa yana jiran abu guda.

Bana damina ta makara, gero bai gama shiga rumbu ba. Hukuma da sarakai sun zauna sun ɗaga ranar sakin gonaki. Amma makiyaya na riƙe da ranar farko, wato gobe, kuma yau da rana ta yi sanyi bayan la'asar garkunan za su fara gangarowa. Shanu a cikin damman geron da ba a kwashe ba, kowa a ƙasar Kurfey ya san inda wannan ke ƙarewa. Wasu sun san har kaburburan.

"Tun safe nake faɗa a makirfo an ɗaga rana," in ji Magagi. "Da Hausa na faɗa, da Zabarmanci na faɗa. Kunnuwansu sun tahi kiwo ne?"

"Mushe, muryarka ta masu gona ce," Kailu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "In sun ji ka, cewa za su yi manoma na neman ƙarin kwana. Ko ni na hau bakin abin ga, cewa za a yi an ba Kailu shayi a birni. Sai sun ji tsoho da bakinai."

Tsohon kuwa ya zo jiya, ya yi maganarsa da Fillanci a gaban makirfo, ya koma dajin da waya ba ta kamawa. Muryarsa na cikin na'urar. Na'urar kuma na ta mutuwa tana tashi.

"Ku kwashe muryar ku sa cikin waya mana," in ji Kailu.

"Da ta yiwu da tuni," Habsa ta ce. "Baffanka ya yi ta tari yana tsayawa. Maganar tana nan gutsure-gutsure, ba a ɗinke ta ba. Tsohuwar manhajar da ke cikin nan ce kaɗai ke ɗinke ta. Sai na'urar ta tashi."

Ta zare igiyar teburin sauti daga bayan na'urar. Ta zare ta firinta. Duk abin da ba dole ba ta cire, ta sake kunnawa. Ɗigo-ɗigon suka dawo, ko kunya babu.

Ta ciro kilenta daga jaka, ɗan ƙarfen ajiya kamar ɗan yatsa, ta soka, ta tayar da na'urar ta cikinsa. Allo ya yi baƙi, fararen haruffa suka jeru. Yatsunta suka shiga aiki.

Can ta tsaya.

"Babu wuri."

"Wane wuri?"

"Diski ya cika maƙil. Sabon tsarin ya shiga rabi, ya rasa inda zai ajiye kaya. Ya so ya koma baya, nan ma babu wurin juyawa. Shi ya sa take ta zagaye."

"To ashe laifin naki ne. Ba ki duba ba."

"Na duba, Baba. Ranar Juma'a na duba, da wuri. Wani ya zuba abu bayan na duba."

Magagi ya juya ya kama kallon kalandar bango, wadda ya san ba ta da wani sabon labari.

Ta share tallace-tallacen da suka wuce. Ta share kiɗan da za a iya samu a kowace rumfa ta kasuwa. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ta bi manyan jakunkunan ajiya ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan wata.

"Mi ne ne Gyaran Gurup?"

"Takardun injin wuta ne."

"Takardun injin wuta sun cinye fiye da rabin diski?"

"Tsohon inji ne. Ya sha gyara."

"Bari in buɗe."

"Kar ki buɗe."

Yadda ya faɗa ne ya sa Kailu ɗagowa. Ba muryar malamin lakkwal ba ce. Habsa ta dubi ubanta, ta dubi allon, ta danna.

Sunaye suka zubo, layi bayan layi, har suka wuce ƙasan allon. Kowane layi abu guda yake farawa da shi. Hira a Gindin Turmi. Lailatu.

Habsa ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Inna ce," ta ce a hankali.



"Shirin Inna ne. Dukansa." Ta juyo da kujerar gaba ɗaya. "Ina Yamai ka kira ni ka ce gara ta cinye kasakasan."

"Gara ce."

"Baba!"

"Gara ce mai babbar riga. Kawunki Alhaji Manzo. Ranar rabon gado ya ce kasakasan kayan ƙanwatai ne, kuma muryar matar da ta riga mu ba za ta ci gaba da yawo cikin kunnuwan maza ba. Na ce ya ba ni lokaci in tattara. Na tattara. Na kai mai, ya tara su tsakar gida ya sa ashana. Ya ƙone robobi, ya samu ladarsa. Ni na riƙe abin da ke ciki."

"Kuma ka bar ni ina neman muryarta cikin kaina, ina rasawa."

Wannan ta same shi. Amma mutumin da ya yi shekaru yana tsayuwa gaban aji ya san yadda ake riƙe fuska.

"Da na faɗa miki, da kin je kin zage shi. Bakin uwarki gare ki."

"Shi ya sa kake zuwa tun da sassafe ka kulle ƙofa. Ka ce kana duba gurup."

"Ina dubawa. Daga baya."

"Mi ka zuba jiya?"

"Wata tsohuwa a Bonkuku, Ummul, ashe tana ɗaukar shirin daga rediyonta tun farkon farawa. Waɗanda ni ma ba ni da su. Ta aiko mini."

"Alhamdu lillahi. Sai in share na jiya, tunda kasakasan na nan."

"Ba su nan. Zaren ya bushe. Ina ɗauka suna tsinkewa. Sun yi maganarsu ta ƙarshe."

Kailu ya leƙa waje ya dubi rana, ya dawo da kansa.

Magagi ya gyara wuyan rigarsa.

"In an share wannan, na'urar za ta tashi?"

"Za ta samu wurin juyawa ta koma tsohon tsarin. Sabon ya jira."

"To share."

"A'a."

"Ke, ni ne mai gidan rediyon ga. Akwai mutane cikin gonaki da yaransu. Share."

"Uwata ce."

"Matata ce kafin ta zama uwarki. Ni na san abin da za ta ce. Cewa za ta yi, Magagi, kana da hankali kuwa? Share."

"Tun da ta rasu ko ɗaya ban ji ba, Baba. Kai ka ji su har ka haddace. Ni ko ɗaya."

"Sa abin da kilenki zai ɗauka."

"Kilen cike yake da kayan tayar da na'ura. Ɗan wurin da ya rage ko gaisuwarta ba zai ɗauka ba."

Sai ga Kailu ya miƙe. Ya ɓalle bayan 'yar wayarsa, ya sa farce ya zaro katin ajiya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar kabewa, ya ajiye a gaban Habsa.

"Hotunan shanuna ne a ciki. Shanun na nan, in sake ɗauka. Zuba tsohuwa."

Habsa ta juya katin a tafin hannunta.

"Na gode, Malam Kailu. Amma kaɗan zai ɗauka. Sai in da irinsa da yawa."

Sannan ta ɗaga ido, ba ga ubanta ba, ga makirfon da ke bayansa. Makirfon ba ya bi ta cikin na'ura, kai tsaye yake fita.

Magagi ya bi idonta.

"A'a."

"Kasuwa ta cika. Kowa da kati cikin waya."

"Na ce a'a. In hau in gaya wa Filinge cewa Mushe Magagi na kulle ƙofa shina sauraren matarsa kamar sabon ango? Mutanen da na koya wa rubuta sunansu? Kawunki na rumfarsa yanzu, rediyo na bisa kantarsa."

"To shi ke nan."

Ta rubuta umarnin sharewa, ta bar shi a kan allon bai tafi ba. Ta tura masa allon rubutun gabansa, ta nuna babban maɓallin da ke dama.

"Ga shi. Dannawa ɗaya ce. Amma ba da hannuna ba."

Ya matso. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin. Ya yi wa yara bulala da hannun nan, ya sa hannu a takardar asibiti da shi, ya zuba ƙasa a kabari da shi, bai taɓa yi masa gardama ba. Yau ya ƙi. Ya tsaya yana kallon yatsansa kamar na wani.

"Mushe," in ji Kailu, "inuwa ta fara tsawo."

Magagi ya janye hannun. Ya zagaya teburin, ya zauna a kujerarsa, ya gyara hula kamar masu sauraro na ganinsa. Ya tura maɓallin sauti sama. Jar fitila ta kama.

"Jama'ar Kurfey, Magagi ne. Ku rage ciniki kaɗan, ba zan daɗe ba.

"Rugga Habibu na da magana da makiyaya, kuma tana cikin na'urarmu. Na'urar ta cika, ta ƙi tashi. Abin da ya cika ta, ni na zuba.

"Kun san Lailatu. Kun ji an ce muryarta ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Tana wurina. Ni na ɓoye ta, kuma ban tuba ba.

"Yanzu ko a share ta, ko a samu inda za a zuba ta. Duk mai katin waya ko kile, in ya ga dama ya kawo aro. Wanda bai ga dama ba, Allah ya ba da sa'ar kasuwa."

Ya sauke maɓallin. Ya zauna yana kallon bango. A ransa ya riga ya ji dariyar da ake yi a rumfar masu shayi, har ya san wanda zai fara.

Babu wanda ya zo.

Habsa ta soka katin Kailu a ɗan makarancin kati, ta fara zubawa. Ba ta dubi ubanta ba, shi ma ya gode mata da hakan.

Sai aka ji takalmi a tsakar gida.

Wata mai sayar da kopto ce, hannunta duk ganyen zogale da ƙuli, tana goge shi a zani. Ta miƙa wayar gaba ɗaya.

"Ban san inda katin yake ba. Ku cire. In wayar ma kuke so ku riƙe."

Bayanta wata mai fura. Bayanta mata uku daga layin masu tabarmi, suna faɗa a kan wadda za ta fara shiga. Wata dattijuwa ta sauko daga bayan moto tana dafa kafaɗar wani ƙato mai gemu.

"Mushe, ka gan shi? Zawo ya kusa tahiya da shi shina jinjiri. Lailatu ta faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, na ji a rediyo. Kai, ba su katin."

"Inna, waƙoƙina ne a ciki."

"Ba su, don ubanka."

Maza ma suka fara shigowa, suna yi kamar hanya ce ta biyo da su. Wani mahauci ya ajiye kilensa ya ce shi dai don maganar shanu ya kawo. Magagi ya ce ya sani.

Habsa ta sa aka ɗauko farantin shayi. Katin da ya cika ta ajiye a dama, wanda bai shiga ba a hagu. Tana zubawa, tana dubawa ko ya zauna daidai, sai ta share wanda ya fita daga diskin. Ba ta gaggawa, ba ta kuma ɓata motsi ko ɗaya. Ta cije leɓenta na ƙasa, zufa na bin gefen kallabinta. Masu kati suka kewaye ta suna kallon fararen haruffa kamar masu kallon likita.

Magagi ya matsa kusa da Kailu, ya yi ƙasa da murya yadda ba za ta ji ba.

"Ka ga hannun can? A Yamai sun so su riƙe ta. Ofis mai sanyi sunka ba ta. Ita ta ƙi."

"Ɗiyarka ce, Mushe."

"Ban ce ba."

Mai kopto ta leƙo ta kan kafaɗar Habsa.

"Wanne kinka sa mini?"

"Wanda ta yi kan mazan da ke sayar da geron gida su sayi rediyo."

"Wayyo! Shi nake so. Maigidana zai ji shi da safe, ya ji shi da marece."

Aka kwashe da dariya. Magagi bai yi ba, amma ya daina kallon bango.

Layin ƙarshe ya fita. Habsa ta duba wurin da ya samu, ta sauke numfashi, ta zare kilenta.

"Bismillahi."

Ta kunna. Ɗigo-ɗigon suka dawo. Suka zagaya. Suka sake zagayawa. Inda na'urar ta saba mutuwa, kowa ya riƙe numfashi.

Ba ta mutu ba. Wani sabon rubutu ya fito, lamba na hawa a gefensa sannu a hankali.

"Mi ta ce?" in ji Kailu.

Magagi ne ya fassara, da muryar aji.

"Ta ce tana mayar da komai mazauninsa. Ta ce kada a kashe ta."

"Ku ji ni da kyau," Habsa ta ce, ta miƙe tsaye. "Kowa ya yi nisa da igiyar can ta jikin bango. In wuta ta yanke mata a nan, ba tsohon tsari, ba sabo, ba muryar Rugga. Sai dai a kai ta Yamai."

Mata suka ja da baya suna tattare zannuwa. Daga masallacin kasuwa ladan ya gyara murya, ya ɗaga kiran la'asar. Kailu ya dubi lambar, ya dubi ƙofa, ya matse sandarsa.

Lambar ta wuce rabi.

Hayaniyar tsakar gida ce ta fara mutuwa. Sannan ta bakin ƙofa. Mutane suka dare biyu ba tare da an ce su dare ba.

Alhaji Manzo ya shigo. Babbar rigarsa fara sol, carbi a hannun hagu. Bai yi sallama ba. Ya dubi farantin katunan. Ya dubi Habsa, wadda ta ce "Kawu" a hankali. Ya dubi allon, ya bi igiyar da ido tun daga bayan na'urar har bango.

Ya taka, ya sunkuya, ya kama kan igiyar da hannun dama.

"Kawu, don Allah! Akwai mutane cikin gonaki!"

"Ke, ba da ke nake ba."

Ya ɗago kai, hannunsa na nan inda yake.

"Magagi. Gaban gari duka ka maishe ni abin dariya. To ga garin nan tsaye. Maimaita abin da ka faɗa a rediyo. Ba ka mi?"

Magagi ya dubi lambar da ke hawa. Ya dubi Kailu. Ya san kalma biyu, "na tuba", za su sa a saki igiyar nan, ya kuma san kowa a ɗakin na roƙonsa da ido ya faɗe su.

Ya mayar da hannuwansa baya. Ya miƙe sosai.

"Ban tuba ba, Alhaji."

Yatsun Alhaji Manzo suka matse kan igiyar.